Watandar Diski

Mutari mai hoto, wanda shagonsa ke layin bayan tashar Birnin Konni, ya tafi Sakkwato wani ɗan kwas na kwamfuta, ya dawo da abu biyu: tabarau marar magani, da suna Injiniya. Ba wanda ya ba shi sunan. Shi ya raɗa wa kansa a cikin mota tun kafin su iso iyaka, kuma daga ranar in ka kira shi Mutari sai ya waiwaya ya duba da wa kake.

Kafin tafiyar, iyakar saninsa memorin waya ne. In memori ya ƙi aiki, a yi masa fomat, wato a share shi tas a sake masa tsari. In waya ta yi zafi, fomat. Har wata tsohuwa ta taɓa kawo masa rediyo mai shaƙewa, ya juya shi ya sake juyawa, ya ce abin tausayi ne da masu ƙera shi ba su bar wurin fomat ba.

Da ya dawo sai ya tara maƙwabtansa uku na layin. Akwai Habibu ɗan Malbaza mai hoton fasfo, da Fa'izu ɗan Illela mai ɗaukar bidiyon biki, da Illo ɗan Badagishiri mai tura wa mutane waƙa da fim a waya, wanda Mutarin ne ya koya wa sana'a. Ya ce musu kowa ya ajiye aiki a kwamfutarsa ƙauyanci ne. A yi karo-karo a sayo abin da ya kira rumbu: akwati ne madaidaici mai cin diski huɗu, a haɗa shi da rezo, wato netwok mai bi ta iska, kowa yana zaune a shagonsa ya zuba aiki ya ɗebo. Suka yarda, don Mutari in ya fara bayani gara ka yarda ka huta.

Da rumbun ya iso daga Yamai, mai sayarwa ya bugo ya ce zai iya turo wanda zai saita musu shi. Mutari ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

"Ka turo shi ya yi mi? Ya koyi aiki?"

Mutumin ya ce Allah ya ba da sa'a, ya kashe wayarsa.

Ranar saiti, a farkon azumi, layin ya cika. Mai gyaran taya ya zo, mai sayar da kati ya zo, ’yan kabu-kabu suka jingine babura a gindin bishiyar bedi suka leƙo ta taga. Mutari ya gyara tabarau ya kunna. Injin ya fara tambayoyi da Faransanci, Faransancin Mutari kuwa tun a ƙaramar lakwal, wato firamare, ya tsaya. Ya ce wa Habibu, "Karanta ma jama'a su ji, ni na riga na gane."

Habibu ya karanta. "Shina tambaya yadda za a haɗa diskin. Ko su zan madubin juna, abin da ke ga wanga shi kasance ga wancan, amma rabin wuri za shi tahi. Ko kuwa a haɗe su duka wuri guda, kowane aiki a yayyanka shi a raba ma huɗun."

"Rabin wuri? Mu sayi huɗu mu ci biyu? Mu ’yan kasuwa muke, ba ’yan sadaka ba. Haɗe su."

Jan rubutu ya fito. Habibu ya ce, "To ga shi ya yi ja. Ya ce in guda ya lalace, duka sun lalace."

"Inji ma tsoro garai. Sabon diski hul, mi za shi kashe shi? Danna."

Tambaya ta biyu kan irin fomat ɗin da za a yi wa rumbun ce. Nan Mutari ya miƙe zaune, an zo gonarsa. Ya nemi irin na memori sama da ƙasa bai gani ba, ya ce injin ƙaramin sani gare shi. Sunaye biyu aka ba shi, ɗaya baƙaƙe ne cunkushe da ba sa faɗuwa a baki, ɗaya kuma ya ƙare da lamba huɗu.

"Mu huɗu, diski huɗu, ga huɗu. Allah ya riga ya zaɓa muna."

"Injiniya, shi wancan na farkon an rubuta shina iya maido abin da anka goge."

"Wa za shi goge? Mahaukata ka ɗauke mu?"

Tambaya ta uku ita ce yadda za a ɗaura rumbun a kan kwamfutoci: wa zai iya buɗe shi, da kalmar sirri ko babu, kuma mai buɗewa kallo kaɗai zai yi ko har da zubawa da gogewa. Mutari ya cire tabarau ya dubi jama'a kamar an zagi mahaifinsa.

"Ni in sa ma ’yan uwana kwaɗo? A Konni? Gobe a ce Injiniya marowaci na? Buɗe shi wayam."

Jama'a suka yi shewa, mai gyaran taya har da tafi. Mutari ya raɗa wa rezon suna Rumbun Injiniya, da manyan baƙaƙe.

Abu mai daraja na farko da ya shiga rumbun nan ba na kowa cikin su huɗun ba ne. Na Baba Takama ne, mahaifin Balki matar Mutari.

Takama tsohon ɗan kokawa ne a Bazaga. Fiye da shekara talatin da suka wuce, a wata kokawar kaka da aka yi a Konni, ya ka da Baƙin Dutse na Malbaza, wanda har ranar bayansa bai taɓa ƙasa ba. Wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, mai kyamara ya ɗauka, da aka canza masa wurin aiki ya bar wa Takama kaset ɗin. Tun daga nan kaset ke cikin jakar fata, ba injin kallo. Waɗanda suka ga kayen da idonsu yawancinsu sun rasu. Samarin yanzu in tsoho ya fara labarin sai su riƙa taɓa juna. Shi kuwa Baƙin Dutse yana nan da ransa a Malbaza, yana faɗa wa duk mai kunne cewa zamewa ya yi, ba kaye ba ne. Akwai kuma abin da Takama bai faɗa wa kowa ba sai ’yarsa: a cikin kaset ɗin, daidai lokacin kayen, ana jin guɗar matarsa Lantana, uwar Balki, wadda ta rasu Balki tana ƙarama. Wannan muryar yake so ya sake ji kafin ya bar duniya.

Mutari ya karɓo kaset da alƙawari mai tsawo. Ya aro wani tsohon injin bidiyo, ya haɗa shi da kwamfuta, ya juye fim ɗin kai tsaye cikin rumbu. Kaset ya zagaya sau ɗaya lafiya, yana kaiwa ƙarshe injin ya tauna shi ya tofo shi waje kamar hanjin kaza. Shi Mutari ko kallon fim ɗin bai yi ba, yana ƙofar shago yana ba wani labari a waya cewa ga shi nan yana kallo.

Da ya kai ragowar kaset gida, Balki ta riƙe zaren a hannu, idonta ya cika.

"Kukan mi kuma? Fim ya bar gidan laka ya koma gidan siminti."

"To Baban Wasila," in ji ta, don da sunan ’yarsu take kiransa, "tura min shi ga waya in aje."

"Waya? Fim ɗin Baba girma garai. Wayarki ko kan Baƙin Dutse ba ta ɗauka."

"To kai ni shago in gani da idona."

"Sai washegarin Salla, a Bazaga, ga babbar talabijin, gaban jama'a. Kowa shi gani lokaci guda, har da ke."

Bai tsaya nan ba. Ya je Bazaga ya durƙusa gaban surukinsa, kai a ƙasa yadda ya kamata, ya ce a gayyaci gari duka. Ya kuma aika Habibu Malbaza ya ce wa Baƙin Dutse in ya isa ya zo ya ga zamewarsa. Wannan ba wanda ya sa shi, bakinsa ne dai ba ya zama.

A Konni kuwa, ’yan kabu-kabu sun gano akwai rezo a bayan tasha mai ƙofa buɗe. Kafin azumi ya raba, gindin bedi ya cika da babura, kowa kai a sunkuye kan waya. Fasinja ya zo ya ce a kai shi kasuwa, a ce masa ya ɗan jira fim ya gama sauka. Daga ɗiba suka koma zubawa. Da wuri ya fara cika, wani mai hikima a cikinsu ya ga wasu hotunan tsofaffi ba murmushi, ya ce waɗannan ba su da amfani, ya goge su ya zuba nasa.

Hotunan fasfon maniyyata aikin Hajji ne na Habibu. Wani dattijo mai niyya ya zo karɓar nasa da azahar, baki bushe da azumi. Habibu ya buɗe wurin da ya rubuta sunan dattijon, sai ga ’yan rawar Indiya sun cika allo suna karkaɗa kafaɗa. Dattijo ya yi salati ya rufe ido da hannun riga, ya fita da baya yana tambayar ko azuminsa na nan.

Habibu ya shigo shagon Mutari ba sallama.

"Injiniya, maido min alhazaina!"

"Ina sunka tahi?"

"An goge su! Kai kac ce ba mai gogewa!"

"To ai ba mu munka goge ba. Maganata na nan."

"Wancan fomat ɗin da ka ƙi, da yanzu an maido su."

"Habibu, mutum nawa ne? Kira su ka sake ɗauka. Na farkon ma ba su yi kyau ba, na gani."

Bai gani ba. Amma don a san da injiniya a layin, ya shiga saiti a fusace ya mayar da ɗaurin rumbun kallo kaɗai, ga kowa da kowa. Ya manta su ma cikin kowa suke. Washegari Fa'izu ya dawo daga wani suna da katin kyamara cike, wani sunan na jiransa, ya zo juyewa rumbu ya ƙi karɓa. Ya gwada ya sake gwadawa, masu suna na bugo waya an riga an yanka rago.

"Injiniya, ka sa mun sayi rumbun da ba a zuba mai komi!"

"Tsaro kenan. Ko ni nan bai yarda da ni ba, bale ɓarawo."

Aka sha fama kafin Mutari ya lalubo inda ya taɓa. Ba a daɗe ba wuta ta ɗauke, da ta dawo rumbu ya ɓace daga kwamfutocin duka huɗu, don ba wanda ya saita shi ya riƙa ɗaura kansa in an kunna. Su uku suka tsaya a kansa. Mutari ya kara kunne a jikin akwatin, ya saurara, ya ɗago da fuskar likita.

"Azumi shikai. Ku bar shi sai an sha ruwa."

Ya kulle kansa a shago yana danne-danne yana gumi, can wajen la'asar ya dace da wurin, rumbu ya dawo. Ya fito ya ce ya roƙe shi ne ya karya da wuri.

Duk wannan wasa ne a kan abin da ya yi ranar jajiberin Salla.

Kowace shekara mutanen layin kan yi watanda: a haɗa hannu a sayi sa, a yanka, a kasa naman kashi-kashi daidai, kowa ya ɗauki nasa ya tafi garinsu Salla. Bana su huɗun suka haɗa nasu. Mahauci ya gama aiki a bayan shaguna, ya jera kashi huɗu a kan tabarma. Ana tsaye sai Fa'izu ya tuna bara ɓarayi sun fasa wani shago a layin lokacin da kowa ya tafi gida. In suka ɗauke rumbu fa?

Idon Mutari ya yi haske. A Sakkwato malaminsu ya taɓa cewa babban tsaro shi ne kada a ajiye abu a wuri ɗaya. Rabin farkon maganar Mutari ya ji, rabin ƙarshen an yi shi yana waje yana amsa waya. Ya shiga shago, ya kashe rumbu, ya zaro diskin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya fito ya ajiye kowane a gefen kashin nama.

"Watanda biyu za mu yi yau. Kowa shi tahi da diski guda garinsu. Ɓarawon da ke son aikinmu sai ya biya Malbaza, ya biya Illela, ya biya Badagishiri, ya dawo Konni. Washegarin Salla kowa shi kawo nashi Bazaga, in haɗa su gaban Baba."

Don kada a ce an yi son kai, aka yi ƙuri'a yadda ake yi wa nama. Kowa ya ba da alama a ɓoye, wani tsinke, wani tsakuwa, wani murfin kwalba, aka tsayar da wata mai fura da ke wucewa ta jefa a kan kashi-kashin. Kowa ya naɗe namansa da diskinsa ya nufi tasha.

A gida Balki ta buɗe leda ta ga ƙarfe kusa da hanta. Ya yi mata bayani da alfahari, tana yanka nama tana saurare.

"To fim ɗin Baba, ga wane cikin huɗun yake?"

"Ga duka. Kowa na da yanki."

Ta ajiye wuƙa. "Baban Wasila, ni dai tun da nike ban taɓa ganin an tara naman watanda ya koma sa ba."

"Wanga ilimi na, ba nama ba."

"Allah shi sa."

Washegarin Salla bayan la'asar, filin ƙofar gidan Takama ya cika. An kafa babbar talabijin a kan tebur a gindin gawo, janareta na kuka a gefe. Maza a kan tabarmi, mata a tsaye ta bayan darni, samari a kan amalanken jaki. Takama ya sha farar riga, ya zauna gaba-gaba. Can gefe ga Baƙin Dutse, wanda Habibu ya ɗauko daga Malbaza, tsoho ƙato mai sanda, yana cin goro yana kallon sama kamar abin bai dame shi ba.

Habibu ya miƙa diskinsa a naɗe cikin ɗankwalin matarsa. Na Fa'izu ya zo yana warin kitse, kuda na binsa, amma lafiya lau. Illo ne ya makara. Mutari ya cike lokacin da jawabi. Ya yi bayanin rezo, ya yi bayanin Sakkwato, ya ce abin da za su gani yau ko a Yamai sai manyan buro, wato ofisoshi. Yana cikin haka kabu-kabu ya tsaya, Illo ya sauko yana washe baki, ya miƙa diski da hannu biyu.

Mutari ya zura huɗun a ramukansu, ya haɗa kwamfuta da talabijin don kowa ya ga yadda ake aiki, ya kunna. Fitilu uku suka yi kore. Ta huɗu ta yi ja, akwatin ya fara ƙara, ɗit, ɗit, ɗit. Rubutu ya fito ɓaro-ɓaro a babbar talabijin. Habibu, da ya saba da aikinsa, ya karanta da ƙarfi kafin hankalinsa ya iso.

"Ya ce an kasa ɗaura rumbu. Diski guda baƙo na, bai san shi ba."

"Gajiyar hanya ta," in ji Mutari. Ya zaro su ya hura musu iska yadda ake yi wa memori. Ya goge su da gefen riga. Ya sauya musu ramuka. Duk inda diskin Illo ya shiga, nan jar fitila take.

"Illo, mi kay yi ma diskin ga?"

"Alheri niy yi mai, Injiniya. Na sa shi ga kwamfutata in ga rabona, sai tac ce ba ta gane shi, a yi mai fomat? Na ba shi. Wallahi ba komi ciki, wayam. Na ga bai kamata a zo taron Baba hannu banza ba, na cika shi maƙil da waƙoƙin Salla."

"Wa yac ce ka yi mai fomat?"

"Kai. Tun ranar da ka fara koya min aiki kac ce duk abin da yat tambayi fomat, a ba shi."

Mutari ya dubi fitilun nan uku kore. Ya ce a gwada da ukun. Habibu ya matso ya ce masa a hankali, kowane aiki an yayyanka shi huɗu, ka tuna jan rubutu. A hankalin Habibu kuwa har mata ta bayan darni sun ji. Sai injin ya ƙara fito da wata tambayar, Habibu ya ƙi karantawa, wani ɗan lakwal-koleji daga kan amalanke ya karanta masa: yana tambaya ko a yi wa duka huɗun fomat a fara sabo.

"Injiniya, ba shi!" wani ya ɗaga murya. "Ya tambaya!"

Fili ya ɗauki dariya. Baƙin Dutse ya tofar da goro ya dogara sanda zai tashi.

"Ni dai na hwaɗi muku. Babu kaye. Inji ma ya ƙi yin shaidar zur."

Samari suka sake fashewa. Takama bai yi dariya ba. Ya zauna yana kallon talabijin, kamar in ya ƙara haƙuri wani abu zai fito. Abin tausayi ne ƙwarai, don fim ɗin nan ya tafi kenan, kaset ya tafi, muryar Lantana ta tafi, ba wani injiniya a duniya da zai dawo da ita. Mutari ya gane haka. Ya durƙusa.

"Baba..."

Takama ya miƙe. Ya cire hula ya ba na kusa da shi. Ya cire farar riga ya ninke. Ya tattare wando har gwiwa, ya taka zuwa tsakiyar yashi.

"Tashi, Malam Mutari. Ka yi ma mutanen ga alƙawarin za su ga kaye. Zaka nan. Yau kai za ka zan Baƙin Dutse."

To ga inda Mutari ya shiga uku. Suruki ya kira ka, ba ka cewa a'a. Ba ka gudu gaban garinsu. Ba ka kuma isa ka kama jikinsa da ƙarfi ba, ko ido ba ka haɗawa da shi. Ya taho kai a sunkuye, hannuwa a baya kamar mai zuwa gaisuwa.

"Buɗe hannu. Shi ba haka yat taho min ba."

Mutari ya buɗe hannu. Abin da ya biyo baya bai gani ba, ji kawai ya yi. Tsoho ya duƙa, ya shige ta damansa, ya kama cinya, sai ga Injiniya a sama yana kallon reshen gawo, sai ga shi a ƙasa tim. Tabarau ya yi nasa wuri. Fili ya kaure da ihu, wayoyi suka tashi sama ta ko'ina.

"Ƙarya ta!" Baƙin Dutse ne, yana buga sanda a ƙasa, jijiyar wuya a tashe. "Ƙarya kakai, Takama! Ba ta dama kash shiga min ba! Ta dama wa ya isa? Ta hagu kaɗ ɗauke ni, ka sa min ƙahwa ta baya, sannan ka maka ni!"

Baƙin Dutse ya tsaya baki buɗe, ya ji abin da bakinsa ya faɗa gaban Bazaga duka. Ya dubi hagu ya dubi dama, ya koma ya zauna a hankali ya laluba aljihu yana neman goro.

Takama ya gyaɗa kai. "Gaskiyarka, abokina. Tsuhwa ta sa na mance. Ta hagu ne." Ya juya. "Malam Mutari, tashi mu gyara."

"Baba, ai jama'a sun gane."

"Tashi. Ba a barin tarihi da kuskure."

Ya tashi yana kakkaɓe yashi. Wannan karon tsoho ya bi ta hagu, ya sa ƙafa ta baya yadda mai abin ya bayyana, ya maka shi da ƙasa har tebur ya girgiza. Daidai lokacin, daga bayan darni, guɗa ta tashi, siririya, doguwa, mai karyewa a ƙarshe. Balki ce. Ba ta yi niyya ba, kubce mata ta yi, ga mijinta a ƙasa ga ubanta a tsaye, ta rufe baki da mayafi don kunya.

Takama ya daskare inda yake. Ya juya a hankali yana neman inda muryar ta fito. Da ya ga ’yarsa sai hawaye suka gangaro cikin furfurar gemunsa, bai ko share ba.

"Haka tay yi," ya ce. "Wallahi haka uwarki tay yi. Ƙara, ɗiyata."

Balki ta sauke mayafi ta ƙara, matan Bazaga suka amsa mata gaba ɗaya.

Mutari yana nan kwance, ba wanda ya tuna da shi sai Illo, da ya tsinto masa tabarau ƙafa ɗaya a karye. Ya zauna da ƙyar yana tofar da yashi. Ko'ina ka duba samari na tura wa juna, wani ya ce ya riga ya isa Malbaza, wani ya ce ’yan kabu-kabun Konni har sun fara sa masa kiɗa. Mutari ya ɗora tabarau a karkace, ya dubi abokansa.

"Kun gani ko? Abu guda, wuri ɗari. Wanga shi a madubin da nike nuhi tun farko."

Balki ta zagayo da kwanon ruwa ta durƙusa ta miƙa masa, idonta har yanzu jajir. Ya sha. Sannan ta zaro wayarta daga haɓar zane, ta kunna, ta kara masa a fuska, ga shi nan yana tashi sama ƙafafu na wutsil-wutsil.

"Baban Wasila," ta ce, "ka ce fim ɗin Baba ba shi shiga waya. To ga shi ya shiga, har da kan Baƙin Dutse."